Manhajar Munzali Mai Karɓar Baƙi

Duk wanda ya san layinmu a Daura ya san shagon Munzali ko da bai taɓa shiga ba, domin allon da ke saman ƙofar ya fi shagon faɗi. Da jan fenti aka rubuta: Injiniya Munzali, Mai Gina Manhajar Gobe. Shagona na ɗinki yana jikin nasa, bango ɗaya ne tsakaninmu, don haka abin da zan faɗa, ko dai na gani da idona, ko ya shigo kunnena ban aike shi ba.

Injiniyancin nasa kwas ne na 'yan watanni da ya yi a Katsina, ya dawo da kwamfuta mai tsagaggen gilashi da bakin da ya fi na maroƙi. Shagon kuwa na mahaifinsa ne, Alhaji Sama'ila, dillalin dabbobi a karar Mai'adua, mutum mai ƙarancin magana da yawan kallo. Da Alhaji ya ga ɗan nasa na fari ya daɗe yana danne-danne ba a ga abin da ya fito ba, sai wata rana ya tsaya a bakin shagon, bai ko shiga ba, ya yanke hukunci. Ya ce zuwa kasuwar ƙarshe kafin Babbar Sallah, ko dai manhajar da ake ta ba da labarinta ta yi wa dillalai aiki a gaban idonsa, ko ya karɓi mabuɗi ya ba mai sayar da taki, shi kuma Munzali ya tafi garin Babban Mutum ya taya Baffa Kabiru kiwon raguna.

Duk duniya babu abin da Munzali ke tsoro kamar wannan tafiya. Ba don garin yana da aibi ba. Warin turke ne ba ya so, ga kuma abin da za a ce in aka ga injiniya ɗauke da damin harawa a ka.

A teburin mai shayi ya buɗe mana shirinsa. Mai dabba zai ɗauki hotonta ya sa a manhaja, dillali ya gani, mai saye ya gani ko yana Kano, sai a yi ciniki da saƙon murya tunda mutanenmu ba sa son rubutu. Har nan kam ni ma na ce tunanin ya yi. Sai dai Munzali ba ya tsayawa inda tunani ya yi kyau. Ya ce sauran manhajoji, in masu ƙera waya suka aiko da sabon abu, sai sun zauna watanni suna jiran injiniyoyinsu su yi musu kwaskwarima.

"Tawa ba ta san jira ba," in ji shi, yana kaɗa burodi a iska. "Duk sabon abin da ya sauka a waya, manhajata za ta yi masa barka da zuwa, ta shimfiɗa masa tabarma, ta haɗa shi da kowa a gidan. Ko abin da ba a ƙirƙiro ba tukuna, tana nan tana jiransa."

Mai shayi ya tambaye shi ko za ta iya dafa indomi. Munzali ya ce in waya ta koyi dafuwa, ranar manhajarsa za ta fara.

A lokacin Rauda, 'yar Baffa Kabiru, tana hutu a gidan Alhaji. Ita kwamfutar take karanta a jami'a, kuma ba kwas ɗin watanni ba. Munzali ya kira ta shago don ta ga ikon Allah ta koma makaranta ta ba malamansu labari. Ta zauna tana duba aikin, ni kuma na dakatar da kekena don in ji. Daga baya ta ce masa, cikin ladabi, komai a ciki da igiya ɗaya ya ɗaure shi: hotuna, makulli, saƙonni, taswira, in ka ja ɗaya sauran duk sai su biyo. Ta ce kamata ya yi ya gina manhajar kamar gida. A yi zaure inda sabon abu zai tsaya a san ko wane ne kafin ya shiga, kowane ɗaki da ƙofarsa ta yadda in ɗaya ya yi yoyo sauran ba za su jiƙe ba, a fara gwada baƙon a wayoyi kaɗan, tsofaffin wayoyin da ba su san shi ba kuma a bar su a kan hanyarsu ta da.

"Rauda, zaure ɓata lokaci ne. Ba ki ji an ce baƙonka annabinka ba?"

"Na ji, Yaya. Amma ko baƙon ƙwarai sallama yake yi."

"Boko ya sa miki tsoro. Ni gidana a buɗe yake."

Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta ɗauki jakarta.

Abin mamaki, manhajar ta karɓu. Duk dillalan da ke zama rumfa ɗaya da Alhaji suka sa ta a wayoyinsu, har da waɗanda ko lambar matansu sai an nemo musu. In suka haɗu da Munzali sai su ce masa aiki ya yi kyau. Kansa ya kumbura har hularsa ta fara neman taimako. Ya daina amsa sallamar da ba a haɗa da Injiniya ba.

Baƙo na farko da ya zo shi ne baƙin allo. Wayoyi suka samu sabuntawa, fuskarsu ta iya komawa baƙa don ido ya huta. Manhajar Munzali ta yi masa barka da zuwa, ta kuma kai shi har ɗakin hotuna, duk abin da yake fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Wani attajiri a Kano ya ga rago fari tas mai murɗaɗɗen ƙaho a wajen wani dillali da ake kira Mansur, ya ce a ajiye masa, ya taso da mota takanas. Ya iso ya tarar da rago baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Mansur ya rantse shi ne ragon, attajiri ya rantse ba shi ba ne, duka biyun kuma gaskiya suke faɗa. Suka ɗauko rigimar har shagon Munzali.

Munzali ya saurare su yana murmushi irin na likita. Ya ce wa attajirin ai ragon bai canza ba, idonsa ne bai sabunta ba. Attajiri ya tambaye shi ko da idon za a yi layya ko da ragon. Da ƙyar muka raba, mutumin ya tafi yana cewa ba zai ƙara sayen ko kaza a waya ba.

Gyaran da Munzali ya yi shi ne ya aika wa kowa sanarwa cewa daga yau fari a manhaja baƙi ne, baƙi kuma fari. Ya manta rabin dillalan tsofaffin wayoyi gare su, waɗanda baƙin allon bai taɓa zuwa musu ba. Su da hotunansu ke daidai, suka bi sanarwa suka juya. Kafin kasuwa ta zagayo babu wanda ya san launin dabbarsa sai ya je turke ya duba. Masu raguna roɗi-roɗi ne kaɗai suka kwana lafiya.

Ba a gama wannan ba sai ga baƙo na biyu: buɗe waya da fuska. Wannan kuwa Malam Zakiyyu ya faɗa wa, dattijon dillali da ba a taɓa ganinsa ba rawani ba, amawali a rufe da haɓa tun ina yaro. Manhaja ta ce sai ta ga fuska. Malam ya kalle ta, ta ƙi. Ya gyara zama ya sake kallonta da mutunci, ta ƙi. Munzali ya ba shi shawara ya sauke amawali. Malam ya yi ta jan rai, amma masu saye na ta aiko saƙo, dole ya juya baya ya sauke. Dillalai suka zagayo ta gaba, wai taimako suka zo. Ranar aka ga haɓar Malam Zakiyyu, aka kuma gano gemun da ake ta girmamawa bai kai cikin cokali ba. Duk da haka manhaja ta ƙi buɗewa.

Yana tsaye riƙe da waya cikin takaici sai babban ragonsa ya miƙo kai yana shinshinar hannunsa. Nan take waya ta buɗe. Ashe da yake makulli da hotuna igiya ɗaya ta ɗaure su, manhaja ta ɗauki fuskar ƙarshe da ta gani a hoto ta ce ita ce mai gida. Daga ranar duk saƙon da ya shigo, sai Malam ya je ya durƙusa gaban rago yana lallashinsa ya kalli waya. Rago kuwa ya gane matsayinsa, in ba a ba shi dusa ba sai ya kawar da kai.

Matsalar ta girma ranar da aka sayar da ragon. Sai da motar ta kama hanyar Kano Malam ya tuna. Mutane sun gan shi a bayan ɗan acaɓa, rawani na warwarewa, yana ɗaga wa direba hannu ya tsaya. Direba ya tsaya a tsorace yana zaton an manta wani abu mai muhimmanci, sai ya ga dattijo ya hau bayan mota ya kara wa rago waya a fuska.

Da aka kawo wa Munzali ƙara, cewa ya yi wannan ai ci gaba ne. Ɓarawo zai iya satar waya, amma da wuya ya haɗa da ragon.

Baƙo na uku taswira ce mai nuna inda mutum yake. Ita ma aka shimfiɗa mata tabarma, ta shiga nuna wa kowa inda kowa yake ba tare da an tambaye ta ba. Mansur ya gaya wa wani makiyayi wai yana Katsina yana fafutukar nemo wa bijiminsa mai saye, makiyayi ya duba waya, ya bi ɗigon, ya same shi a gindin darbejiya bayan tasha yana sharar barci, ƙwaryar fura a gefensa. In kuma ana kara, da yake bakin iyaka ne, sai taswira ta kwashe rabin dillalai ta zuba su Nijar. Matar wani ta kira shi tana tambayar abin da ya kai shi ƙasar waje bai yi mata sallama ba.

Kowace ɓaraka ta taso, Munzali sai ya ƙara wata igiya a kan ta da. Kafin Rauda ta koma makaranta ta sake leƙowa, ta ce ya bari su zauna tare su warware ɗaurin tun da sauran lokaci. Ya ce mata wanda ya kusa kai gaci ba ya komawa ya sake haƙa tushe. Hujjarsa kuwa mai ƙarfi ce, ni ma ta ɗaure mini kai: duk da wannan wahala babu dillali ɗaya da ya cire manhajar. Za su zo su yi masa faɗa har jijiyar wuya ta tashi, in za su tafi sai su cije haƙori su ce, amma dai aiki ya yi kyau. Na san dillalai. Mutanen da za su rabu da kai a kan igiyar akuya ba su saba irin wannan haƙuri ba.

Ranar kasuwar ƙarshe kafin Sallah na rufe shago na bi shi Mai'adua, tunda ni na ɗinka masa babbar rigar da zai yi jawabi da ita, ina so in ga yadda za ta zauna. Kara ta cika maƙil, raguna na kuka, motocin kudu sun yi layi. Munzali ya yi hayar lasifika mai batir, ya kafa tebur da benci a bakin rumfar mahaifinsa. Alhaji Sama'ila na zaune a kan buzunsa yana jan carbi, bai ko kalli wajen ba.

Da safiyar nan wata sabuntawa ta sauka: waya za ta iya aika sauti zuwa duk lasifikar da ke kusa. Rauda ta kira shi daga makaranta ta ce don Allah ya hana manhajar taɓa wannan abu sai bayan taro. Ina tsaye kusa da shi na ji ya ce mata ai wannan kyauta ce Allah ya aiko masa a ranar da ya fi bukata, kuma ko ya so hanawa babu inda zai hana, don bai gina wajen hani ba. Da alfahari ya faɗi wannan.

Ya hau benci, ya haɗa wayarsa da lasifika, ya yi gyaran murya. Ya fara da cewa tarihi zai tuna wannan rana. Bai kai ga jimla ta biyu ba lasifika ta ƙwace maganar. Manhaja ta riga ta karɓi baƙo, ta kai shi ɗakin saƙonni, duk wayar dillalin da ke kusa ta fara turo abin da ke cikinta.

Muryar Mansur ce ta fara fitowa, tana gaya wa wani mai rago ya ba ragon gishiri da ruwa sosai kafin ya kawo shi, ciki ya ɗan tashi. Wani mai saye da ke riƙe da igiyar wani ƙosasshen rago ya sunkuya ya danna cikinsa, ya ji ruwa na motsi, ya saki igiya a hankali. Sai muryar Malam Zakiyyu, yana ba yaransa umarni cewa in saniyar nan ta yi tari a gaban mai saye, su ma su kama tari don a rasa na wane ne. Kara ta ɗauki dariya. Wani dillali ya ji muryarsa ta fara, ya zauna a kan wayarsa, amma lasifika ba ta san an zauna ba.

Ku sani, sirrin da ke tsakanin dillali da mai dabba ya fi na miji da mata tsauri. Shi ya sa ake jan mutum gefe a yi ƙus-ƙus. Yau ga shi ana rabawa har ga masu sayar da igiya.

Munzali ya shiga danne-danne, gumi ya jiƙa mini ɗinki. Ya kashe saƙonni, taswira ta buɗe. Ya kashe taswira, allo ya koma baƙi. Ya nemi fita gaba ɗaya, manhaja ta ce sai ta ga fuska, ya kalle ta, ba ta san shi ba. Yana ta cewa jama'a su kwantar da hankali, wannan gwaji ne, da gangan ya yi. Mansur ya yunƙuro zai cire batir, mutane suka tare shi, don ba a taɓa samun nishaɗi kyauta irin wannan ba.

Sai wata murya ta fito, a hankali, wadda kowa ya sani. Alhaji Sama'ila ne, cikin saƙon da ya aika wa abokan rumfarsa.

"Don Allah ku ƙara haƙuri da abin nan na Munzali. Na san yana wahalar da ku, ni ma yana wahalar da ni. Kada ku cire. In ya tambaye ku, ku ce ya yi kyau, asarar da kuka yi ku zo wajena. Maganar Babban Mutum kuwa tsoratarwa ce kawai, ko abin ya yi ko bai yi ba, ba zan karɓi shagon ba. Munzali yaron kirki ne. In na wuce na hango shi zaune yana aikinsa, daɗi nake ji. Amma kada wanda ya gaya masa."

Daidai nan batir ya ga dama ya mutu.

Alhaji mutumin da ne, mai kunyar ɗan fari. Tun da aka haifi Munzali babu wanda ya taɓa jin sunan a bakinsa, daga "kai" sai "yaron nan". Bai taɓa yaba masa a gaban mutum ba, ko da rana ɗaya. Yau ga shi ya faɗi sunan, ya maimaita, ya haɗa da yabo, kara guda tana ji har da baƙin kudu. Wallahi na tausaya masa. Da kuɗinsa aka sace a gaban jama'a da ya fi masa sauƙi.

Malam Zakiyyu ne ya fara magana, don yana da bashin haɓarsa da bai rama ba. Ya gyara amawali ya ce, "Ashe dai Alhaji ya san sunan yaron."

Dariyar da aka yi ta fi ta farko. Dattawa na tafawa, wani na cewa a sake sa musu wajen "daɗi nake ji". Munzali na tsaye a kan benci baki buɗe. Rabin fuskarsa kunya ce, don ya gane daga ina yabon dillalai ke fitowa, rabi kuma murna, don ya ji shago ya tsira.

Alhaji ya miƙe, ya naɗe buzunsa, ya zo gaban bencin ya miƙa hannu ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Kai, kawo mabuɗin."

"Baba, ai yanzu ka ce ba za ka karɓa ba. Kowa ya ji."

"Abin da ya sa zan karɓa ke nan. Da ba a ji ba, da ka zauna har ka tsufa a ciki."

"To ai manhajar ta yi aiki, Baba. Sabon abu ya zo da safe, kafin azahar ta karɓe shi."

"Na gani. Baffanka ma yana karɓar baƙi."

Munzali ya waiga ko wani dillali zai sa baki, amma kowa na can yana lallashin mai sayensa. Ya laluba aljihun babbar riga ya ciro mabuɗi.

Bayan Sallah ya tafi. Na fito bakin shago ina kallo ana ɗaure masa jaka a bayan babur. Kafin ya hau sai da ya tsayar da Mansur, wanda har lokacin ba ya amsa gaisuwarsa, ya roƙe shi ya turo masa saƙon nan na Alhaji. Mansur ya harare shi, ya yi tsaki, ya tura.

Ɗan acaɓa ya tambaye shi ko shi ne injiniyan da abinsa ya watse a Mai'adua. Munzali ya ce ba watsewa ya yi ba, mutane ne ba su shirya masa ba. Ya ce ya je ya bincika duk ƙasar Daura, manhajar da ke sayar da rago ba ta da wuya, amma a nuna masa wadda ta taɓa sa Alhaji Sama'ila magana.

Babur ya tashi. Hannu ɗaya ya rungume kwamfuta da shi, ɗayan yana danne da waya a kunne. Kafin su sha kwana na ga ya sauke ta, ya danna, ya sake mayarwa.